Soron Gidanmu Da Tarihin Gidajen Cikin Badala

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai ku yi mini haƙuri. Wani al'amari ne ya taso a gidanmu ya hana ni barci, na ga ba zan samu sukuni ba sai na zauna na rubuta shi, ko Allah zai sa wani da yake cikin irin halin da muke ciki ya tsinci abin amfani.

A damunar da ta wuce katangar soron gidanmu na gado ta zube. Gidan yana cikin birni, a lungunan da suke tsakanin Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne cibiyar kakana. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji ko ƙwarzane, domin da asuba abin ya faru, almajiran da suke kwana a soron sun riga sun fita masallaci. To amma faɗuwar katangar nan ta tono maganar da aka daɗe ana binnewa, wato a sayar da gidan a raba wa magada kuɗinsu kowa ya kama gabansa. Har wani ɗan kasuwa ya taya, yana so ya rushe ya gina shaguna da sito.

Ranar da na je na tsaya a kan tarin ƙasar nan, kunya ce ta fara kama ni kafin baƙin ciki. Shekara ashirin da ɗoriya ina rubuta littattafai, kuma duk wanda ya saba karanta irin littattafanmu ya san inda muke ajiye tauraron labari: katafaren gida a Nassarawa G.R.A., da get da maigadi, falo uku, ga motoci jere a rumfa. In kuwa muka kawo gidan ƙasa a labari, to gidan su yarinya ce matalauciya wadda take jiran Alhaji ya zo ya fitar da ita daga ƙangi. Ni kaina na rubuta haka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, alhali a gidan ƙasa na girma, kuma ban taɓa kwana da yunwa a cikinsa ba. Wannan ne ya sa na koma na bi tarihin irin wannan gida, na karanta abin da hannuna ya kai gare shi, na kuma zauna da dattawan gidanmu. Abin da na fahimta shi ne, ruwan sama ƙarasa gidan ƙasa kawai yake yi, tun ranar da mutanen cikinsa suka watse yake fara mutuwa.

Bari mu faro daga tushe. Kano daga gindin Dala ta fara, inda maƙera suka zauna saboda tama, kuma littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da zuwan Bagauda wajejen shekara ta 999. Jikan Bagauda, Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi zamani daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har gobe ake kira Gidan Rumfa. Aka sake faɗaɗa ganuwar a zamanin Muhammadu Nazaki cikin ƙarni na 17. Abin lura a nan, mai karatu, shi ne da badalar, da Gidan Rumfa, da Gidan Makama, da gidan kakana wanda fatauci ne sana'arsa, duk da abu guda aka gina su, wato ƙasar Kano. Sarki ya fi talaka yawan soraye da tsayin katanga da ado, amma tubalinsu ɗaya.

Kuma a wancan zamani cikin birni ba a cushe yake kamar yadda muke ganinsa yanzu ba. Wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Kilafatan da ya zo Kano a 1824 ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da lambuna, ga fadamar Jakara ta ratsa tsakiya. Bayansa Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso a 1851 ya sauka a unguwar Dala, ya tarar da soraye da ɗakunan ciyawa a cakuɗe, da benayen Larabawa 'yan kasuwa. Ashe ke nan magabata sun kewaye fili mai yawa da gangan, don in an yi wa gari ƙawanya a samu abinci, in iyali sun ƙaru kuma a samu inda za a matsa. Unguwanni ma bisa dangi da sana'a suka zauna, shi ya sa har yau muke da Sharifai, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Soron Ɗinki, suna kaɗai ya isa ya faɗa maka su wa suka kafa wurin.

To yaya ake gina gidan? Baffana, ƙanin mahaifina, wanda shi ne dattijon da ya rage a gidan, shi ya warware mini. Da rani ake gini. A haƙo ƙasa a kusa da inda za a yi aikin, ramin da aka bari shi ne yake zama kududdufi, shi ya sa kusan kowace tsohuwar unguwa take da nata. A jiƙa ƙasar, a zuba mata ciyawa a yi ta cuɗawa da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan katanga, yara suna cilla masa tubali daga ƙasa yana cafewa yana jerawa. Gindin katanga ya fi samanta kauri nesa ba kusa ba. In an zo rufi sai azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, ita ce gara ba ta iya ci. Azara guda ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ɗaki ya wuce kimanin ƙafa shida, saboda haka in ana son babban soro sai gwani ya yi bakan gizo, ya riƙa ɗaura azara a kan azara yana lanƙwaso su daga katanga har su haɗu a tsakiya. Wanda ya shiga Gidan Makama ya ɗaga kai zai ga irin wannan aiki, haka wanda ya je tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830.

Bayan rufi sai a yi rawani da zankwaye a sama, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin katanga. Sai maganin ruwa: makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema suka karkare daga fata da ruwan dafara. Ku duba ku gani, jama'a, a rufin soro guda akwai hannun marinin Ƙofar Mata, da na majemi, da na manomi mai ɗorawa. Daɓen ƙasa kuwa aikin mata ne, a tara maƙwabta a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, a ƙarshe a ci dafa-duka a watse. Ba a sayo komai daga wata ƙasa ba.

Tsarin gidan shi ma yana da ma'anarsa. Daga waje sai dakali, sai soro, wanda wasu suke kira zaure. Soro shi ne fuskar gida. A nan kakana yake karɓar baƙi, a nan ake cin tuwon dare da maƙwabta kowa ya fito da kwanonsa, a nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, a nan ake ajiye makara kafin a yi wa mamaci salla, kuma a nan ne, in ba mu manta ba, aka yi zancen da yawa daga cikinmu da fitilar ƙwai a gefe. Daga soron farko sai na biyu, ƙofofinsu ba sa kallon juna, don kada na waje ya hango cikin gida. Sai shigifa, sai turakar maigida, sannan tsakar gida inda mulkin mata yake: rijiya, madafi, turmi, igiyar shanya, akurkin kaji. Matan da suke cikin kulle ba zaman banza suke yi ba, a tsakar gidan nan ake saƙa da kaɗi da ƙuli-ƙuli da alala, yara su kai talla. Kakata, wadda ni ce takwararta, da kuɗin fura ta yi wa 'ya'yanta mata uku jeren tasoshi.

Babban sirrin gidan ƙasa kuwa shi ne yana tafiya tare da iyali. In saurayi ya isa aure a yanka masa wuri a ja katanga, sashe ya samu. In tsohuwa ta rasu ɗakinta ya zama kango, sai a rushe a jiƙa ƙasar a sake gina wa wani da ita. Amma yana da sharaɗi guda: kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, an yi yaɓe. Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Maigida ne zai yi magana, samarin gida su fito, mata su ɗebo ruwa su dafa abinci. Gidan da yake da mutane da shugaba yakan haura shekara ɗari yana tsaye, wanda ya rasa su kuwa damuna kaɗan ta ishe shi.

Canji ya fara ne daga zuwan Turawa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Molan suka ci Kano, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Turawa ba su zauna cikin birni ba, suka kafa nasu mazaunin a Nassarawa, aka kuma yanka Sabon Gari don baƙin da suka zo daga kudu. Abin sha'awa, da farko su ma a ginin ƙasa suka zauna. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna har ya buɗe makarantar boko a 1909, ginin ƙasa ne, kuma yana nan tsaye har yau saboda ana kula da shi. Amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai kwanon rufi da siminti suka fara shigowa. A farkon shekarun 1930 aka kawo ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki. A farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kammala sabon ginin babban Masallacin Juma'a na cikin gari da kayan zamani. Sannu a hankali ido ya saba, zuciya ta karkata: mai arziki shi ne mai kwano, mai rufin ƙasa kuwa wanda bai samu ba ne. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, a lokacin ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kwashe rufin ɗakunan sashenmu ya sa kwano, ya kuma shafe katangar waje da siminti. Kowa ya zo yana yi masa barka.

Ba mu san mun ɗaura wa gidan ciwo ba sai a 1988. Ina 'yar shekara takwas a lokacin, amma ba zan manta da ruwan watan Agustan shekarar ba, wanda ya ɓalle madatsar Bagauda ya kuma rushe dubban gidaje a Kano. Cikin dare aka kwashe mu aka kai soro, muna jin rugugin faɗuwar katangu a maƙwabta kamar ana sauke kaya daga mota. Da gari ya waye sai ga katangar da aka yi wa siminti ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa, cikinta ya jiƙe sharkaf, soron da yake da tsohon yaɓensa na makuba kuwa ko gezau. Dalili shi ne siminti ba ya kama jikin ƙasa, in ya tsage ruwa ya shiga bayansa ba ya samun hanyar fita, sai ya yi ta cin katangar a ɓoye, daga waje kuwa tana nan fes. Da ma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ga kuma maganar kududdufai. Mun tashi muna ƙyamarsu saboda sauro da shara da yaran da suke faɗawa, kuma gaskiya ne suna da wannan illa. Amma su ne suke shanye ruwan unguwa. Da mutane suka yi yawa, ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano sama da mutum miliyan 9, sai aka bi kududdufan nan ana cikewa ana yanka filaye. Aka ɗaga tituna suka fi ƙofar gida tudu. Ruwan da a da yake da masauki yanzu sai ya kwanta a gindin katanga. Gonakin da Kilafatan ya gani duk sun zama gidaje, ita kanta badalar an cinye ta a wurare da dama, duk da cewa tun 2007 aka sa ta a jerin wuraren da Nijeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohuwar Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta kankare.

Sai babban dalili, wanda ya fi shafarmu. Duk wanda Allah ya buɗa wa a gidanmu fita ya yi. Wani ya koma Gwammaja, wani Kundila, wani Rijiyar Zaki, wani Hotoro, ni ma aure ya kai ni wajen gari. Ban ga laifin kowa ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan cikin birni yana da wahalarsa: masai kusa da rijiya, ɗaki babu isasshiyar taga, lungu ba ya shigar mota, in mace ta tashi naƙuda da dare sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Amma da masu ƙarfi suka fita, sai aka bar tsofaffi da zawarawa da 'yan haya. Kakana ya rasu ba a raba gado ba, 'ya'yansa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, yanzu masu haƙƙi a gidan mun haura arba'in. Kowa yana da rabo, babu wanda yake jin nauyin yaɓe a wuyansa.

Da na zauna da Baffa a kan tabarma a gefen ɓaraguzan, na ce, "Baffa, ashe ruwan bana ya yi mana ɓarna haka?"

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Uwata, kada ki ɗauki alhakin ruwa. Ruwan da ya fi wannan ya sauka a kan soron nan bai faɗi ba. Rabon da a hau kansa tun mahaifinki yana da rai. Ni ƙafa ta ƙi, yaran kuma in na yi magana sai su ce za su turo kuɗi."

Na ce, "To Baffa, in an sayar ina za ka koma?"

Ya yi murmushi ya ce, "Duk inda kuka kai ni. Amma a can wa zai yi mini sallama da asuba?"

Wannan tambaya ita ta hana ni barci. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka masu son a sayar mugaye ne. Cikinsu akwai ƙanwata, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar a gidan haya a Rijiyar Lemo, rabonta zai iya saya mata ɗan fili ta huta da gorin mai gida. Gado haƙƙi ne da Allah ya yanka wa kowa, ba ni da bakin da zan ce ta haƙura don ni ina ƙaunar zankwaye.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne ganin cewa ginin ƙasa bai mutu a duniya ba. A Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya gina masallacin garin Yama a jihar Tawa da ƙasa da itace, aikin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013, kuma mutane suna zaune a cikinsa. A 2022 Francis Kéré, mutumin Burkina Faso wanda ya fara suna da makarantar da ya gina wa ƙauyensu da tubalin ƙasa, ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine. Mu kuwa da muka gaji abin, duk watan Afrilu muna kwance a ƙarƙashin kwano muna juyi, an ɗauke wuta, muna tuna sanyin ɗakin kaka.

An sa ranar taron magada bayan Babbar Salla. Shawarar da zan kai ita ce a kira masana su yi wa gidan kuɗi, masu hali a cikinmu su haɗa su biya masu buƙata rabonsu cif, ƙanwata ta samu nata, gidan ya zauna a hannun waɗanda suka yarda su ɗauki nauyinsa a rubuce, da wanda zai riƙa tara kuɗin gyara duk shekara kafin damuna. A gyara masai da magudana yadda zamani ya zo da shi, soron kuma a nemo magini a mayar da shi da ƙasarsa, tun da sauran masu sanin aikin a gari. Ban sani ba ko za su yarda, domin kuɗin da ɗan kasuwan nan ya taya ba kaɗan ba ne, kuma ni mace ce a cikin yayye maza. Amma na riga na faɗa wa Baffa abin da zan iya bayarwa daga cinikin littafi, na kuma roƙe shi kada ya bari a kwashe ƙasar da ta zube, a tara ta a gefe a rufe.

Ku kuma 'yan'uwana da kuke da irin wannan gida a Yakasai ko Mandawari ko Koki ko Madabo, ku leƙa kafin ruwa ya sauka, ku hau ku duba rufi, ku zauna ku yi maganar gado tun dattawan da suka san iyaka suna raye. Ni dai na yi alkawari, littafina na gaba a soro za a yi zancen, kuma yarinyar ba jiran mai fitar da ita take yi ba. Ku taya mu da addu'a Allah ya sa taron ya ƙare lafiya, zumunci bai tsinke ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace. Wassalam.